A yi mana shiri a kan Rosalía de Castro

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Ina bin filinku na adabi kusan kullum, amma gaskiya duk sanda aka zo maganar marubutan Turai sai a tsaya kan na Ingila da Faransa, shi ya sa nake roƙo a taɓo mana Rosalía de Castro, 'yar yankin Galisiya da ke arewa maso yammacin Sifaniya. An haife ta a 1837 a Santiago de Compostela, a takardar haihuwarta ma an rubuta wai ba a san iyayenta ba, don mahaifinta limamin coci ne, ka ga tun farko da tabo ta shigo duniya.

A lokacin, yarensu na Galisiya an maida shi yaren manoma da masunta, ɗan boko in zai yi rubutu sai da Sifaniyanci, an yi ɗaruruwan shekaru a haka. Sai ita ta fitar da littafin waƙoƙi, Cantares gallegos, a 1863 da yaren da ake rainawa ɗin. Yanzu duk 17 ga Mayu hutu ne a Galisiya don tunawa da wannan littafi, tun 1963 ake bikin ranar.

Ni dai abin da ya fi kama ni shi ne littafinta na 1880, Follas novas, inda ta ware kashi guda a kan matan da mazansu suka hau jirgin ruwa zuwa Kuba neman kuɗi, aka bar su da gona da yara da bashi, miji yana raye amma kamar takaba suke, ba wasiƙa ba aike, wani ma har abada. Malam Edita wallahi in ka karanta wa matan ƙauyukanmu da mazansu suka tafi cirani Libiya wannan, ba sai ka yi musu wani bayani ba.

Kuma ba ta ji daɗin mutanenta ba fa, a 1881 sun yi mata ca a kan wani rubutu da ta yi game da al'adunsu, har ta yi fushi ta ce ta daina rubutu da yaren. Ciwon daji ya kashe ta a 1885 a garin Padrón na Galisiya tana da shekara 48, bayan ta sa 'ya'yanta su ƙone rubuce-rubucen da ba ta buga ba.

Don Allah in za a yi shirin a samo wanda zai fassara ko waƙa biyu ce zuwa Hausa, a ba mace ta karanta.

Na gode, a gaida ma'aikata.
Mai sauraronku daga Zariya