Shirwa ta dawo Nima

Nima, Accra

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya kuma sanyin Sifen da ka ce ya fara leƙowa? Mutanen gida duk lafiya lau. Na ga tsohuwarka ranar Juma'a, ta ce in ja maka kunne kan rashin kiran waya, to ga shi na ja.

Shirwa ta dawo. Kada ka yi dariya, dalilin wasiƙar ke nan. Ka tuna yadda muke jifanta a bakin babbar kwata muna yara? Duk shekarun nan ban taɓa lura cewa tana ɓace mana ba. Ashe da ruwa ya kankama arewa take yi, ta bi damina, sai wajen Oktoba ta sauko ta yi rani da mu. Wani ɗalibin jami'ar Legon da ke haya a gidanmu ne ya fargar da ni, har ya ara mini madubin hangen nesa. Yanzu kullum kafin in buɗe shago ina kan bene da littafi da biro, ina ƙirga.

Sammako ba ya amfani a wannan sana'a. Sai hantsi ya dubi ludayi, kwanon rufi da kwalta sun ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan za ka ga sun shige ta suna kewayawa, suna yin sama ko fiffike ba sa kaɗawa. Wutsiyar nan mai baki biyu kaɗai ke aiki, tana murɗawa dama da hagu. Ranar farko na rubuta 60 ina ta murna. Yaron ya duba ya tuntsire da dariya, ashe guda 9 nake ta maimaitawa. Ba a ƙirga su suna kewaye, sai sun kai ƙololuwa sun miƙe a jere sun nufi gaba.

Madubin ma ya so ya ja mini magana. Hajiyar da ke bayanmu ta aiko a tambaye ni me nake leƙe a tsakar gidan mutane. Na sauka na miƙa mata shi. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe bakinta rawaya ne, sannan ta kira jikarta ta ce a kife 'yan tsaki da kwando. Kaza mai 'ya'ya dai ita ke tsoron shirwa.

Bakin nan da ta gani shi ne shaida. Tamu ta Afirka rawayan baki gare ta, ta Turai baƙi, kuma ita ta ƙofarku take fita. A Tarifa, can ƙarshen kudancin Sifen, kilomita 14 ne kacal tsakaninku da Maroko. Teku ba ya tayar da irin iskar da suke hawa, shi ya sa shirwa da shaho da gaggafa ke taruwa inda ruwa ya fi ƙunci, su yi sama sosai, su zame zuwa ɗaya gaɓar. A cikinsu akwai wani shaho mai tonon gidan rina yana cin 'ya'yan. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba yake wucewa, ya keta Sahara, ya sauka a dazuzzukan yankinmu. A Batumi ta ƙasar Jojiya kuwa, tun 2008 masu sa kai ke zama kan tudu suna irin aikina, kuma a kaka guda sukan haura miliyan. Ni da tarana sai in yi shiru.

Abin da ke damuna ungulu ce. Da, kowace mahauta da rabonta a kan rufi, har korarsu ake yi. Mako uku ina kan benen nan, shafin da na ware mata fari fat. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, ga guba, ga masu sayen kanta don tsubbu.

Ga roƙona. Ka ce ba ka da nisa da Tarifa. Manyan ungulayen Sifen na tsallakawa daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ba ka makara ba. Ka ware Lahadi ɗaya ka je, ka tafi da rigar sanyi don garin iska ne, ka ƙirga mini ko da da yatsu. Ni kuma ran Asabar za mu hau trotro, bas ɗin haya, da yaron zuwa tafkin Sakumono neman shahon nan mai kamun kifi da ƙafa.

Ka gaida mutanen ɗakinku. Ka kira tsohuwa.

Naka,
Abokinka na Nima