'Ya'yan Fursunoni Ba Su Suka Yi Laifin Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan yaran da iyayensu ke tsare a gidan yari. Mutum ɗaya alƙali ke ɗaurewa, amma gida guda ne ke shiga ƙunci. Mai nemo abinci ya tafi, kuɗin makaranta ya gagara, ga kuma gorin "ɗan fursuna" da yaro ke sha a wajen tsaransa. Wannan gorin, a ganina, ya fi yunwar ciwo, don shi ke sa yaro ya ƙi fita, ya ƙi makaranta. Wani ma a ce masa babansa ya yi tafiya, sai ya ji gaskiya a bakin masu zolaya.

Sashe na 9 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba yaron da aka raba da iyayensa haƙƙin ci gaba da hulɗa da su. Ƙa'idojin Bangkok na 2010, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da mata fursunoni, sun ce mai juna biyu ko uwa mai ƙananan yara, a fifita mata hukuncin da ba ɗauri ba idan laifin bai yi tsanani ba. Ƙa'idojin Mandela na 2015 kuma, wato na Majalisar kan kula da fursunoni baki ɗaya, sun nemi a ajiye fursuna kusa da gidansu gwargwadon hali.

Ina kira ga hukumomi su tanadi ɗakin ziyara da yaro zai rungumi mahaifiyarsa ba ta bayan ƙarfe ba. Alƙalai kuma su riƙa tambaya kafin yanke hukunci: wa zai riƙe yaran nan?

Naka,
Wani mai karatu