Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga matashin da ya tambaye ni abin da tsofaffin fina-finan Indiya suka bari

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ana dab da rufewa ka ce: "Baba, kullum kuna yabon tsofaffin fina-finan Indiya. Me suka bar mana in ban da rawa da waƙa da guje-guje a cikin furanni? Ba su ne ma suka ɓata mana fim ɗin Hausa ba?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya yi halinsa. Ban kama sunanka ba, amma tambayar ta biyo ni har gida. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, bari in ba ka amsa a bainar jama'a.

Akwai inda kake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Bombay ta riƙa fitar da fina-finai kamar ruwan sama, da yawansu shirme ne, mu ma da muke yara mun san shirme ne. Gaskiya ne kuma masu shirya fim a Kano sun ɗebo rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga can, wani lokaci har da kiɗan waƙar sukutum. Inda muka rabu da kai shi ne kana ganin abin da aka ɗebo ɗin shi ne duk abin da ke cikin rumbun. Ni na shiga rumbun, na san ɓawo aka kwaso aka bar ƙwaya.

Bari in kai ka silima. A zamaninmu fili ne mai katanga, babu rufi, sai duhu ya yi ake haska fim, muna zaune a kan benci, masu gyaɗa da rake suna kai da komo. Kwarori ne suka fara shigo da fina-finan tun wajen shekarun 1950, babu fassara, babu komai. Amma muna ganewa. Ka san dalili? Harshen da ake yi a fina-finan nan cike yake da Urdu, shi kuma Urdu ya sha daga Larabci kamar yadda Hausa ta sha. Sai ka ji jarumi ya ce duniya, ya ce zamana, ya ce adalat, ya ce dua, kunnenka ya ɗauka: duniya, zamani, adalci, addu'a. Ga mata da mayafi a ka, ga ɗa yana durƙusa wa uwarsa, ga uba yana aurar da 'yarsa ga wanda ba ta so. Fim ɗin kaboyi na Amurka kallo muke yi mu tafi. Na Indiya kuwa kamar an leƙa gidajenmu ne.

Wanda ya fi zama a raina shi ne Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Na kalle shi sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Labarin Radha ne, matar ƙauye. Surukarta ta ci bashin rupi 500 a wurin mai ba da kuɗi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin auren. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, sai aka juya takardar, ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gona shi ne kuɗin ruwa duk shekara. Mijin ya je kawar da wani ƙaton dutse don ya ƙara gona, dutsen ya murƙushe masa hannaye biyu, kunya ta sa ya bar gida cikin dare bai sake dawowa ba. Babu shanun noma, sai Radha ta ɗora garma a kafaɗarta tana ja, 'ya'yanta ƙanana suna biye. A ƙarshe ɗanta Birju, wanda zalunci ya mayar ɗan fashi, ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, uwar ta ɗauki bindiga ta harbe shi da hannunta, saboda 'yar mutane amana ce ko da ubanta azzalumi ne.

Mahaifiyata ba ta taɓa taka silima ba, matan aure ba sa zuwa. Sai da talabijin ta zo unguwarmu ta ga fim ɗin a tsakar gidan maƙwabta. Da aka zo wurin garmar nan, na ga ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Da muka koma gida ta kira mini sunan wani mutum a ƙauyenmu da yake ba manoma bashin hatsi da bazara, ya karɓi ninki da kaka. Ta ce, "Ai shi ne wannan." Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Nargis da ta fito a Radha shekarunta ba su kai talatin ba a lokacin, kuma Sunil Dutt da ya fito a ɗanta sa'anta ne. Gobara ta tashi a wurin ɗaukar fim ɗin, shi ya kutsa ya cece ta, suka yi aure a 1958. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda ku kuka sani. Fim ɗin har ya shiga takarar Oscar.

To ka ga abin da nake nufi da ƙwaya. Mutanen nan sun ɗauki ciwon talaka da muhimmanci. Indiya ta samu 'yanci a 1947, an raba ƙasar biyu, jini ya kwarara, miliyoyi sun yi hijira, masu fim ɗin kuma suna cikin waɗanda abin ya shafa. Bimal Roy ya yi Do Bigha Zamin a 1953: manomi ne mai ɗan fegin gona, mai ƙasa yana so ya ƙwace don a gina masana'anta, kotu ta ba shi wata uku ya biya bashi. Ya tafi ci-rani Kalkata yana jan keken da mutum ke ja da ƙafa kamar doki. Balraj Sahni, mutum mai ilimi da ya yi aiki da BBC a Landan, sai da ya je ya koyi jan keken a titi tare da masu sana'ar kafin ya fito a matsayin manomin. Manomin ya dawo ya tarar an riga an fara gini. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasar gonarsa cikin tafin hannu, mai gadi ya daka masa tsawa ya ajiye. Duk wanda ya ga gari yana cinye gonakin da ke kewaye da shi ya san wannan hannun.

Raj Kapoor ya yi Awaara a 1951 a kan tambaya guda: ɗan ɓarawo dole ne ya zama ɓarawo, ɗan alƙali kuma mutumin kirki? Fim ɗin ya karɓu har Rasha da Sin. Guru Dutt kuwa, Pyaasa da ya yi a 1957 labarin mawaƙi ne da 'yan'uwansa suka sayar da waƙoƙinsa a matsayin takardar ƙunshi, sai da aka zaci ya mutu sannan kowa ya ce nasa ne. Shi kansa Guru Dutt fim ɗinsa Kaagaz Ke Phool na 1959 faɗuwa ya yi warwas a kasuwa, ya rasu a 1964 yana da shekara 39, yau kuma ana koyar da aikinsa a makarantun fim. Har yanzu in na tuna wannan raina yakan sosu.

Game da waƙar da ka raina. A waɗancan fina-finai waƙa tana ɗauke da kaya. Abin da kunya ta hana mace ta faɗa, ko talaka ya faɗa a gaban mai mulki, waƙa ke faɗa. A Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda ya fito a 1960 bayan an shafe fiye da shekara goma ana fama da shi, baiwa Anarkali da waƙa ta tsaya gaban Sarki Akbar ta bayyana cewa tana son ɗansa. In ka cire waƙar, labarin ya karye. Manyan marubuta ne ke rubuta su, irin Sahir Ludhianvi da Shakeel Badayuni da Shailendra, Naushad ya ɗora kiɗa, Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar su rera daga bayan fage. Madhubala da ta fito a Anarkali ta yi rawar waƙar nan tana fama da ciwon zuciya, wanda ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36. Dilip Kumar da ya fito a yarima, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haifaffen Peshawar. Daga wurinsa 'yan baya irin su Amitabh Bachchan suka koyi cewa shiru da kallo suna iya fin ihu ƙarfi.

Ba na raina na shekarun 1970. Mu ne muka sa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, kuma Sholay na 1975 shekara biyar ya yi ana nuna shi a silima guda a Bombay. Amma ko a nan, abin da ya riƙe fim ɗin rubutun Salim Khan da Javed Akhtar ne, mutum biyu da suka zauna suka sassaƙa kowace magana.

Saboda haka, da ka ce sun ɓata mana fim, sai in tambaye ka: wa ya hana mu ɗaukar ɗaya ɓangaren? Muna da manomi mai bashi, muna da ɗan ci-rani, muna da bazawara da ke riƙe da marayu da kuɗin ƙosai. Ga yara masu basira a Kannywood, na sha ganin alamar hakan a wasu ayyukansu, kuma ina so su yawaita.

Akwai kuma wani abu da ke damuna. Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana, na 1931, ya ɓace gaba ɗaya, babu kwafinsa ko ɗaya. Sai a 1964 suka kafa gidan adana fina-finai a Pune, wani bawan Allah P. K. Nair ya ƙarar da rayuwarsa yana bin lungu-lungu yana tsinto abin da ya rage. Mu namu fim ɗin bidiyo da Turmin Danya ya fara a 1990, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura irin tamu. Ku da kuka iya kwamfuta, ku ne za ku iya ceto su tun masu su suna raye.

Roƙona gare ka guda ne. Ka nemi Mother India, yana kusan awa uku. Ka ajiye wayarka a wani ɗaki, ka kira kakarka in tana kusa, ku zauna tare. In aka zo wurin garmar, ka dubi fuskarta. Bayan nan ka sake bugo waya gidan rediyon, zan roƙi mai gabatarwa ya ba mu isasshen lokaci.

Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Baban da ka yi wa tambaya