Wasiƙa daga Maiurno: kwas ɗin nan ya samu shiga

Maiurno ta Sudan, daren Juma'a

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da Baba idan har yanzu yana wajenku bai koma Madina ba. Rabona da muryarka tun Babbar Sallah. Inna ta ga hoton da ka sa ranar, ta nesanta wayar da idonta ta ce, "Wannan kumatun ba na wainar kisra ba ne." Na ce mata aikin shinkafar mandi ne da sanyin iyakwandishan na Jidda. Ta ce in shaida maka dabinon da ka yi mata alkawari, ko a ƙafa yake tahowa, ya ci a ce ya sauka Suwakin.

 Bari in fara sauke abin da ya cika mini ciki. Kwamitin manhaja ya sa hannu ranar Laraba. Kwas ɗin ban-ruwa na 'yan aji uku a jami'armu zai tafi yadda na tsara shi, daga zango mai zuwa.

Ka san kwas ɗin, kai ma ka koyar da shi shekara biyu da takardun nan da muka gada. Mako goma sha huɗu a gaban allo: madatsar Sinnar 1925, gonakin Jazira da Manaƙil fadan (kusan eka ke nan) miliyan biyu da ɗoriya, babbar tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ta ba ƙarama, ƙarama ta ba abu ishirin, abu ishirin ya ba abu sitta. Yaro ya zana maka wannan tsaf a jarrabawa, alhali ƙafarsa ba ta taɓa nutsewa a lakar da ta toshe su ba.

Abin da ya juya ni shi ne ranar farko da muka koma aji. Tun faɗuwar birnin Madani a yaƙi a Disambar 2023 ban ƙara ganin yawancinsu ba. Na ce kowa ya faɗi inda ya zauna da abin da ya yi. Wata yarinya mai shiru-shiru, wadda a da sai na kira sunanta sau biyu take amsawa, ta zaro littafi mai bangon kwali daga jaka. Lissafin takiyar unguwarsu ne, wato tukunyar ciyar da jama'a kyauta. Kowane shafi da kwanan wata: adas kwano kaza, gawayi buhu kaza, kuɗin da 'yan'uwa na waje suka turo ta manhajar banki ta Bankak, gidajen da suka karɓa, gidajen da tukunya ta ƙare ba a kai gare su ba. Waɗannan na ƙarshe da jan biro ta rubuta su, don a fara da su gobe. Wani yaro kuma a amalanke ya riƙa kai masu kwalara asibiti. Wallahi da na koma gida kasa buɗe tsofaffin takardun na yi. Wanda ya ciyar da unguwa shekara guda, ba za ka zaunar da shi kwafar allo kawai ba.

Ga yadda na raba shi. Mako shida a aji, domin lissafin ruwa da gishirin ƙasa ba sa koyuwa a tsaye a rana. Mako shida a kambo, inda 'yan ƙwadagon gona suke, kowane rukuni mutum biyar da matsala guda, kuma mutanen wurin ne za su zaɓe ta, ba mu ba. Mako biyun ƙarshe su koma su yi bayanin abin da suka gano a gaban jama'a, da harshen da jama'ar ke ji. Na sa sharaɗi biyu da na ƙi sassautawa. Duk abin da ɗalibai suka kafa, sai ya zama wanda mutumin wurin zai iya gyarawa da kayan da ke kasuwar kusa da shi. Kuma rukunin baɗi zai fara ne da zuwa duba aikin na bana, ya rubuta abin da ya rayu da abin da ya mutu da dalili. Ka tuna famfon nan da muka gani an yi bikin buɗe shi da tuta da lemo, bayan damina ɗaya muka tarar an ɗaure jaki a jikinsa? Shi nake gudu.

Inda aka kai ruwa rana shi ne maki. Na ce kashi 20 cikin ɗari kwamitin mutanen kambo ne zai bayar. Dattijon nan namu na kwamitin manhaja ya cire tabarau ya ce, wanda bai taɓa zama a aji ba ta yaya zai auna ɗalibin jami'a? Ban ji haushinsa ba, tsoronsa kada maki ya koma na wanda ya fi iya gaisuwa, kuma tsoro ne mai tushe. Na ce masa tambayoyi uku kawai za a yi musu: sun zo ranar da suka ce za su zo? Sun saurara kafin su yi magana? Abin da suka bari yana aiki? Wannan manomi ya fi ni sani. Na kuma tuna musu cewa ba baƙon abu na kawo ba. Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975, kulliyarta ta likitanci da tura ɗalibai ƙauyuka ta yi suna har a wajen Sudan. Nafir kuwa, gayyarmu ke nan, da ita kakanninmu suka sare dajin nan bayan sun baro Burmi a 1903. Daga ƙarshe aka tsaya a kashi 15. Na karɓa.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin ƙofa ta dawo, ta aurar da babbar 'yarta, kuma har yanzu tana riƙe da lissafin kofinka na jabana a ka. Ta ce ba ta yafe ba sai ka zo da kanka. Dalbejiyar da take zama a ƙarƙashinta dai babu ita, an sare an yi gawayi lokacin da gas ya ɓace. Kututturen ya fara tsiro, ta kewaye shi da ƙaya.

Zangon da ya wuce na gwada abin da yara goma sha biyu masu sa kai, ba maki. Ranar farko wani tsoho ya dube mu da takardunmu, ya ce da Larabci, "Kun zo ku rubuta mu ku tafi?" Sai ɗaya daga cikin yaran, ɗan nan garin, ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa. Tsohon ya yi shiru, ya ce a kawo tabarma. Yaron nan a jami'a ban taɓa jin ya yi Hausa a bainar jama'a ba, ka san dalili. Ranar shi ne tafinta, kowa sai ta bakinsa.

Matsalar da suka zaɓa ruwan sha ce. Daga tur'a suke ɗiba, a cikinta yara ke wanka, gefenta duk katantanwa masu yaɗa tsargiya, tsargiya kuwa har ba a ɗauke ta ciwo ba. Yarana suka zo da shawarar alif. Wata tsohuwa ta yi murmushi, ta shiga ɗaki ta fito da 'ya'yan zogale, ta ɓare, ta daka a ƙaramin turmi, ta ƙulle garin a ƙyalle ta riƙa juya shi a cikin tulu. Muka zauna hira. Kafin la'asar laka ta kwanta a gindi, ruwan sama ya yi garau. Ta ce haka uwarta ke yi, shi ya sa Larabawa ke ce wa itacen rawwaƙ, wato mai tace ruwa. Aikin yaran sai ya koma auna ƙwaya nawa ke isar jarka guda, da nuna cewa ruwa ya yi haske ba shi ne ya tsarkaka ba, sai an ƙara kulorin ko an tafasa, kuma na wanka idan ya kwana biyu a randa ƙwayar tsargiya ta mutu. A rahoton, sunan tsohuwar suka sa a gaba da nasu.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Kuɗin mota babu shi a kasafi, na gwajin ma daga aljihu muka haɗa. Iyaye biyu sun riga sun aiko cewa 'ya'yansu mata ba za su kwana a kambo ba. Hanyoyin ma sai an tabbatar an kwashe ragowar harsasai da abin fashewa. Abin da ya fi damuna shi ne kada mu gajiyar da mutanen, kowace shekara sababbin fuskoki da tambayoyi iri ɗaya, su kuma suna yanka mana kazar da ba su da ita. Na ji a wajenku ana rubuta wa ɗalibi sa'o'in aikin sa kai a intanet, tun da shirin Saudiyya na 2030 ya sa burin masu sa kai miliyan guda. Yana da kyau, amma ni ina tsoron yaro ya zo cika sa'o'i ya tafi. Kai da kake gani da ido, yaya abin yake a aji?

Masu bulo na bakin kogi suna ta kuka, wai laka ta ragu tun da Habasha ta fara tara ruwa a madatsarta a 2020, masu yashe tur'a kuma suna murna da hakan. Na riga na ware wannan ya zama muhawarar mako na huɗu, kuma kai nake so ka jagorance ta ta waya. Kada ka ce aiki ya yi maka yawa, na san Asabar ba ka fita. Rahotanni shida ma zan turo maka ka duba da jan bironka da yara ke tsoro.

Batirin sola ya fara ƙara, fitila za ta ɗauke. Ka gaishe da uwargida, ka ce maman yara tana nan tana jiran amsar saƙonta. Ka shafa mini kan auta. Idan ka je Harami ka sa yaran nan goma sha biyu a addu'a, uku daga cikinsu har yau ba su san inda iyayensu suke ba.

Naka har kullum,
amininka