Kafin a zuba kwalta, a tambayi masu bin hanyar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake yanke shawarar ayyukan raya ƙasa a ƙananan hukumominmu: wace hanya za a gyara, ina za a haƙa magudanar ruwa, wane fili za a bar wa makaranta ko kasuwa ko makabarta, kuma wa ake tambaya kafin a yanke.

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36, maganar 'yancin ƙananan hukumomi ba ta bar bakin mutane ba. Hukuncin, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye maimakon a bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi, ya kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Na yi murna da wannan hukunci, kuma har yanzu ina goyon bayansa, duk da cewa aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, wanda shi ne rabon ƙananan hukumomi, ba ƙaramar dukiya ba ce. Sai dai na lura cewa kusan duk muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan hannun da zai riƙe mabuɗin asusu, na gwamna ko na ciyaman. Ba kasafai nake jin an tambayi yadda ciyaman ɗin zai zaɓi aikin da zai kashe kuɗin a kai ba, alhali a nan ne talaka yake gani a ƙasa ko ya rasa.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina hanyoyin cikin gari da kula da su, da fitilun kan titi, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da bandakunan jama'a, da makabartu, da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga cewa abubuwa ne da mutum yake takawa da ƙafarsa kullum daga ƙofar gidansa zuwa masallaci, kuma babu wanda ya san halin da suke ciki kamar mazaunin unguwar.

Bari in ba da misali da mazaɓarmu, ba tare da na kama sunan kowa ba. Shekaru da dama muna kuka da wata hanyar burji da ta haɗa unguwarmu da asibitin sha-ka-tafi da kuma makarantar firamare. A tsakiyarta akwai wani kwari da ruwan unguwanni uku yake taruwa, kuma da zarar damina ta kankama a watan Agusta, wurin yakan zama tafki. Yara su naɗe wando su ratsa, mai Adaidaita Sahu ya ƙi shiga ko nawa za a ba shi, mace mai naƙuda kuwa sai an zagaya da ita ta bayan gari. Abin da muke buƙata a wurin bai wuce kwalbati guda mai ƙarfi da lambatu da zai janye ruwan zuwa rafi ba. Kowane dattijo a unguwar zai iya nuna maka da sandarsa inda ruwan yake fitowa da inda yake son ya bi, domin sun ga hanyarsa tun kafin a gina gidajen da suka tare shi.

Wata safiya muka wayi gari da motocin aiki. Babu wanda ya sanar da mai unguwa, kuma da muka tambayi kansilanmu, shi ma ya ce a bakin titi ya ji labari. Aka zuba kwalta a ɓangaren hanyar da ke kusa da babban titi, inda masu wucewa za su gani, aka tsaya kafin a kai kwarin, ba a haƙa magudana ko taku ɗaya ba. Da yake sabuwar kwaltar ta fi ƙasan gidajen da ke gefenta tudu, ruwan da a da yake bin hanya sai ya koma zaurukan mutane. Katangun ƙasa suka jiƙe, wasu suka zube. Kafin damina ta biyu ta wuce, gefen kwaltar ya zaizaye, ramuka sun buɗe, kwarin kuma yana nan yadda yake. An kashe kuɗin jama'a, an rubuta a takarda cewa an yi mana aiki, amma mun fi da shan wahala. Da an zauna da mu na awa ɗaya kafin a ba da kwangilar, da mun roƙi a bar kwaltar a yi mana kwalbatin, wanda na tabbata bai kai ta tsada ba.

Ba na zargin kowa da mugun nufi a wannan aiki. Abin da nake zargi shi ne tsarin da ya sa ake zaɓen aiki daga sama, a ofis, bisa abin da zai yi kyau ranar buɗewa ko abin da ɗan kwangila ya kawo a shirye. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar da zaɓaɓɓiyar majalisa a kowace ƙaramar hukuma, kuma a Jihar Kano kaɗai akwai mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kowace da kansilanta. Aikin waɗannan kansiloli ne su tattauna kasafin kuɗi, su amince da shi ko su gyara, su bi diddigin yadda aka kashe. Amma mutum nawa ne a cikin masu karanta wannan jarida ya taɓa ganin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa da idonsa, ko ya san ranar da majalisar take zama? Kansilan da bai ga kasafi ba sai ranar da za a ce ya ɗaga hannu, ba zai iya kare mazaɓarsa ba ko da yana so.

Maganar filaye ta fi ta hanyoyi ciwo, domin hanya idan ta lalace ana iya sake ta, fili kuwa idan aka gine shi ya tafi ke nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Matsalar tana gefen gari, inda gonaki suke zama unguwanni cikin 'yan shekaru. Mai gona ya kira dillali, a yanka fuloti da awon igiya, a bar lungun da mota ɗaya ba za ta juya ba, babu inda aka ware wa makaranta, babu na asibiti, babu hanyar ruwa. Sai jama'a sun cika wurin sannan a fara neman inda za a binne mamaci ko inda motar kashe gobara za ta shiga. A lokacin ne hukuma za ta zo da jan fenti tana sa alamar rusau a gidajen da mutane suka gina da guminsu, alhali tana kallo aka aza tubalin farko. Ware filin makaranta da na makabarta tun wurin yana gona bai buƙatar kuɗi mai yawa. Yana buƙatar hukuma ta iso da wuri, ta zauna da dagaci da masu gonaki.

Na san akwai masu cewa talaka bai san aikin injiniya ba, kuma idan aka tara mutane kowa ƙofar gidansa zai nuna. Akwai gaskiya a ciki. Ba na cewa taron unguwa ne zai auna kaurin kwalta ko faɗin kwalbati. Wannan aikin sashen ayyuka ne da injiniyoyinsa. Amma tambayar wane aiki ne ya fi gaggawa tambaya ce ta masu zama a wurin, kuma mutanenmu sun saba sasanta irin wannan tun zamanin aikin gayya, inda ake haɗuwa a yashe kwata ko a cike rami kafin ruwa ya sauka, ba tare da kowa ya biya su ba. A Jihar Kaduna an gwada wani tsari na tattara buƙatun al'umma daga mazaɓu, a jera su bisa muhimmanci, a miƙa su domin a sa a kasafin kuɗi. Ko da tsarin bai cika goma ba, ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne a ƙasar nan.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su kira taro a kowace mazaɓa kafin a rubuta kasafin shekara, a gayyaci masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu da 'yan kasuwa da direbobi, kuma a tabbata an ji ta bakin mata, domin su ne suke ɗaukar yara zuwa asibiti, su ne kuma suka san rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa. Abin da aka amince da shi a rubuta, kansila ya sa hannu, a ba mai unguwa kwafi. Idan majalisa ta zartar da kasafi, a liƙa shi a allon sakatariya da Hausa, a karanta shi a rediyo. Kowane aiki kuma a kafa masa allo mai ɗauke da kuɗinsa da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa. Ina kuma roƙon a riƙa ware kuɗin gyara a cikin kasafi, domin fanfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe sun fi ƙarfin a ƙirga, kuma gyaran guda goma bai kai kuɗin haƙa sabo ɗaya ba.

A ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ka kai ma. Ofishin Akanta-Janar na Tarayya yana fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata. Ka riƙa buga mana waɗannan alƙaluma da Hausa, ka kuma tura wakilanka sakatariyoyi su nemi kasafin kuɗi su faɗa mana wanda ya bayar da wanda ya hana. Mu a mazaɓarmu mun rubuta takarda a kan kwalbatin nan, dattawa sun sa hannu, mun miƙa wa kansila, muna kuma fatan a duba ta tun da rani, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga wata mazaɓa a Jihar Kano