Barka da Sallah daga Lesta, da maganar hoton nan

Lesta, Ingila
Ranar Ƙaramar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Abba da Umma, da Yaya da maigidanta, da su Auta da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa muna cikin 'yantattun bayi, ya maimaita mana. Mun sauko idi lafiya. A cikin masallaci muka yi, rukuni bayan rukuni, don har yanzu sanyi bai bari a fita fili ba. Na sa shaddar da kuka aiko, ta zauna mini daidai, sai dai jibgegiyar rigar sanyin da na ɗora ta rufe aikin wuyan ruf. Daga can muka wuce gidan wasu 'yan Zariya, aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe. Goron Sallah yana hannun Yaya, ita za ta raba.

Yaya ta gaya mini tun ranar da Auta ya nuna wa Umma hotona, ina sanye da baƙaƙen kaya da tukunyar iska a baya a bakin wani rami, hankalinku bai kwanta ba. Wai har kun ce, "Yaron da na hana zuwa kududdufi, shi ne ya je ƙasar Turawa ya samo wanda ya fi namu zurfi?" Umma, ban musa ba, kududdufi ne. Yadda ake haƙar ƙasar gini a bayan gari damina ta cike ramin, haka su ma suka fasa dutse shekara da shekaru, da suka tashi ruwa ya maye gurbin. Bambancin shi ne wanda nake zuwa yana da ƙofa da masu tsaro, kuma ba a barin kowa ya shiga sai da shaidar koyo, ko tare da malaminsa.

Abin da ya kai ni, duhu ne. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mutum ya fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu, ran hutu ya ƙule a ɗaki da waya. Wani abokin aikina ne ya ja ni ƙungiyarsu ta masu nutso, reshe ce ta babbar ƙungiyar ƙasar da ake kira BSAC, wadda aka kafa tun 1953. Sai da muka daɗe muna koyo a tafkin wanka na cikin gini, mai ruwan ɗumi, kafin a bar mu mu taɓa na waje. Takardar matakin farko iyakarta mita 20, ba a wucewa.

To a ina ake nutson? Lesta, garin nan da Ahmed Musa ya zo ya buga wa ƙwallo a 2016, a tsakiyar ƙasa take. Duk ta inda ka nufi teku sai ka yi kusan awa biyu a mota, in ka je kuma lokacin hunturu iska ta hana kwalekwale fita, ruwan ya dame. Shi ya sa da sanyi ya kama masu nutso suke komawa ramukan dutse da tafkunan cikin ƙasa. Kuma abin mamaki, a lokacin ne ruwan ya fi kyau, saboda gansakukar da ke mayar da shi kore ta mutu, ga ƙarancin 'yan koyo masu tayar da laka da ƙafa.

Na kusa da mu shi ne Stoney Cove, a gefen ƙauyen Stoney Stanton, bai kai rabin awa ba daga gidana. Ramin hawa-hawa yake, yadda masu fasa dutsen suka bar shi: na farko mita 7, na biyu wajen 22, can ƙurya 36. Da gangan aka nutsar da abubuwa a ciki don mai shiga ya sami abin kallo da alamar hanya. Akwai kan jirgin sama, da helikwafta, da motar bas. Babban cikinsu wani jirgin ruwa ne mai suna Stanegarth, ƙirar 1910, wanda aka nutsar a shekarar 2000. Kana bin wata sarƙa a ƙasa, ba ka ganin komai sai kore-kore, kwatsam sai ka ga bangon ƙarfe ya tsaya a gabanka. Rannan a hanyar dawowa na haɗu da wani dogon kifi mai haƙora, ya kai tsawon hannuna, ya tsaya cak a cikin ciyawa ko motsi ba ya yi. Ya kalle ni da ido ɗaya, na kalle shi. Ni na kauce.

Sanyin kam ba zan ɓoye muku ba. Daga Fabrairu zuwa yanzu ruwan ya fi kowane lokaci sanyi, digiri 4 zuwa 6, domin ruwa ba ya saurin hucewa kamar iska, ba ya kuma saurin ɗumi. Ruwan daɗi ya fi nauyi in ya kai digiri 4, don haka shi ke kwanciya a ƙasa, can ƙurya kusan haka take rani da damina. Amma jikina ba ya jiƙa. Baƙar rigar da kuka gani ruwa ba ya ratsa ta, tana matse wuya da wuyan hannu, a cikinta kuma akwai wata mai kauri kamar bargo. Zif ɗinta a baya yake, sai wani ya ja maka, ka ga ko nan an hana mutum zuwa shi kaɗai. Fuska da hannu su ke shan wuya. Minti na farko goshi ya riƙa sara, leɓe ya mutu. In mun fito yatsu ba sa iya kwance ko maɓalli, sai an rungumi kofin shayi tukuna. A nan filin ajiye motoci nake shimfiɗa darduma in yi Azahar, har abokan tafiyar sun saba, ba sa tayar da mota sai na sallame.

Haɗarin da aka fi yi mana kashedi a kansa na abin shaƙar iska ne. Iskar da ke fita daga tukunya da ƙarfi tana ƙara sanyaya ƙarfen, in ruwan bai kai digiri 10 ba ƙanƙara na iya kama shi ya ƙi rufuwa, iska ta yi ta kwarara har ta ƙare cikin 'yan mintuna. Maganinsa a sayi wanda aka ƙera don ruwan sanyi, kada a shaƙa a waje kafin a shiga, a kuma manne wa abokin nutso, domin kowa yana ɗauke da bakin shaƙa na biyu saboda ɗan'uwansa. Mun maimaita wannan darasi har ya gundure ni. In za a fito ma ba a tasowa da gudu. A hankali ake hawa, a tsaya minti 3 a wajen mita 6 jiki ya sauke iskar da ya tara.

Wuraren ba a kan taswira kawai nake zaɓensu ba. A bakin dattawan ƙungiya ake jin labarinsu, sannan in duba shafinsu na intanet in ga sanyin ruwa da nisan gani na makon. In wuri ba shi da kwalekwalen ceto da iskar asibiti a ajiye da wanda zai lura ba ka fito ba, ba na zuwa, komai kyansa. Akwai wani rami a Wales da ake kira Dorothea, inda aka daina haƙa a 1970. Zurfinsa ya haura mita 100, ya ci masu nutso fiye da 20. Ana ta zuzuta kyan ruwansa, ni dai na yafe. Haka tafkin Wastwater a arewa, mafi zurfi a Ingila, mita 79. Wasu sun taɓa jera 'yan gumakan ado a can ƙasa don wasa, mutane suka riƙa wuce iyakarsu garin kallo, sai da 'yan sanda suka kwashe su. Daga mita 30 iskar kanta takan sa mutum wani irin maye, ya ga kuskure daidai ne. Madatsun ruwan sha kuwa yawancinsu an hana shiga, ba na ko tambaya.

Duk watan azumi ban taɓa ruwa ba. Iskar tukunya busasshiya ce ƙwarai, tana ƙafar da maƙogwaro, kuma an ce mai ƙishi ya fi saurin kamuwa da ciwon tasowa daga zurfi. In na gama Sitta Shawwal, ƙungiya za ta je Capernwray a yankin Lancashire. Bai fi mita 20 ba, an nutsar da jirgin sama na fasinja a ciki, akwai kuma manyan kifaye da suka saba da mutane. Abba, ina neman izininku da na Umma. In kun amince, zan kira kafin in shiga, in kira da na fito. In kun ce a'a, na haƙura, zan raka su in riƙe musu shayi.

Auta kuma, ka ji ni da kyau: abin da nake yi ba lasisi ba ne gare ka. Damina na tafe, in na ji an gan ka a bakin ruwan bayan unguwa, kuɗin wayar da ka roƙa sun sha ruwa.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo, da Malam Liman, da maƙwabta gaba da baya. In an sami mai tahowa a haɗo mini kuka da daddawa da yaji, ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo. A turo mini hotunan yara da kayan Sallarsu.

Wassalam,
Ɗanku mai neman albarka