Gwaji ya nuna ba tarin fuka ba ne, to daga ina jinin yake fitowa?

Assalamu alaikum, Likita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da mahaifina, mai shekara 58, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana sana'ar fasa dutse, kuma ya daɗe yana shan taba kafin ya daina. Shekara uku da suka wuce ya kamu da tarin fuka, aka ba shi magani kyauta a asibitin gwamnati, ya sha na tsawon wata shida ba tare da tsallake ko kwana ɗaya ba, domin ni da kaina nake miƙa masa kowace safiya, har aka ce ya warke.

Yau mako uku ke nan da jini ya dawo cikin kakinsa. Da fari zare-zare ne kawai, amma ranar Juma'a bayan sallar asuba na leƙa gwangwanin da yake tofa kaki a ciki, na tarar da jini jajawur mai kumfa, kimanin cokali biyu. Mun kai kakin an gwada, sakamako ya nuna babu ƙwayar tarin fuka. Ba ya zufar dare kamar wancan karon, sai dai ya rame, kuma numfashinsa yana sarƙewa ko masallacin ƙofar gida ya taka.

Wata ma'aikaciyar jinya ta shaida mini cewa tarin fuka yakan bar tabo ko rami a huhu, ko ya buɗe hanyoyin iska su riƙa zubar da jini bayan an warke, kuma ƙurar dutse da ciwon zuciya suna iya haddasa hakan. Da ta ambaci ciwon dajin huhu ga wanda ya sha taba, gabana ya faɗi, kuma har yau ban iya faɗa wa mahaifiyata ba.

Likita, ta yaya ake bambance waɗannan cututtuka? Hoton ƙirji ya wadatar, ko akwai wani gwajin da ya kamata mu nema? Kuma wane yawan jini ne idan muka gani za mu garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare?

'Yan'uwansa sun dage cewa jifa ne, har an fara kawo masa jiƙe-jiƙe, shi kuma ya ce tunda gwaji bai nuna komai ba, ba zai koma asibiti ba. Baba ba ya fashin sauraron shirinka, kuma na tabbata idan daga bakinka ya ji, zai yarda in kai shi.

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka daga Gusau.